Idan ana zargin duka a gidan aure, shin daidai ne a fara da kiran miji zaman sulhu?

Ummu_Sadiq_TW:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena ma'aikatan jin daɗin jama'a da malaman lafiya da ke cikin wannan zaure. Shekarata ta biyu ke nan ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa mata da ƙananan yara a nan Zariya, kuma na ci karo da abin da ya hana ni barci. Wata baiwar Allah tana zuwa wurinmu karɓar abincin gina jiki na ɗanta, kuma kullum ƙanin mijinta ne yake kawo ta a babur, ya tsaya a bakin ƙofa har a sallame ta. A zuwanta na ƙarshe, da ta sunkuya za ta goya yaron sai hijabinta ya zame, na ga shatin yatsu a gefen wuyanta, ga shi kuma muryarta ta dishe kamar mai mura. Da na tambaye ta, sai da ta kalli ƙofa sannan ta ce igiyar shanya ce ta kama ta. Na kai maganar gaban shugabana, ya ce a rubuta wa mijin takardar gayyata, a haɗa su a yi musu nasiha kamar yadda aka saba. Hankalina bai kwanta da wannan ba, amma ba ni da hujjar da zan kafa masa. Shin kiran mijin shi ne matakin farko, ko kuwa akwai abin da ya kamata ya gabace shi?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai ban ga aibin shawarar shugabanki ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma sulhu alheri ne. Idan kika riƙa ganawa da matar mutum a bayan idonsa, ranar da ya gano zai ce ku ne kuke hure mata kunne, daga nan ya hana ta zuwa gaba ɗaya, yaron ma ya rasa abincin da ake ba shi. Gara a kira shi cikin mutunci, a ji ta bakinsa, a tsoratar da shi da Allah.

Sista_Shika:
Baban Khalifa, da saɓani ne irin na cefane ko na zuwa unguwa, da na bi bayanka. Amma abin da ƙanwarmu ta siffanta alamar shaƙewa ce, kuma a wurinmu ma'aikatan lafiya shaƙe wuya yana da babi nasa daban da mari. Mutum zai iya tashi ya ci gaba da harkokinsa alhali maƙogwaro yana kumbura a ciki, ko jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ta ji rauni, sai bayan sa'o'i ko kwanaki abin ya bayyana. Dishewar murya, wahalar haɗiya, jan jini a cikin farin ido, ko ta ce ta suma ko fitsari ya kuɓuce mata a lokacin, duk dalilai ne na a kai ta ga likita ba tare da jinkiri ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna cewa matar da abokin zamanta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin a ƙarshe ya kashe ta ya ninka na sauran fiye da sau bakwai. Saboda haka, Ummu Sadiq, kafin takarda da nasiha, ki nemi hanyar da za ki gan ta ita kaɗai. Mu a asibiti dabararmu mai sauƙi ce: mu ce za a duba ta a ɗakin mata, namiji ba ya shiga. Ba wanda yake musu da wannan a ƙasar Hausa.

Mai_Kula_da_Zaure:
Ina tunatar da kowa, musamman mai tambaya, cewa mu fi ɗari uku a nan kuma ba kowa muka sani da ido ba. Kada a ambaci unguwar matar, ko sana'ar mijin, ko ranar da take zuwa. Zariya ƙaramin gari ne idan ana maganar dangi.

Tsohuwar_Jami'a:
'Yata Ummu Sadiq, bari in ba ki labarin kuskurena, ko Allah zai sa ki tsallake ramin da na faɗa. A farkon aikina wata mata ta zo ofis da kumburarren ido, na yi abin da na tarar ana yi, na aika aka kira mijin. Ya zo cikin farar shadda da hula, ya gaishe da kowa har masinja, ya zauna a kan benci ya sunkuyar da kai. Na ce mata ta maimaita a gabansa abin da ta faɗa mini. Ta riƙa murza bakin mayafinta, ta faɗi kaɗan, ta haɗiye sauran. Shi kuwa ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya nemi gafara, ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai sake ba, har ya ciro goro ya raba mana. Na koma gida ina jin na gyara aure. Bayan kwana biyu maƙwabciyarta ta zo ta gaya mini cewa a daren ranar ya kulle ɗaki ya karya mata hannu, yana cewa ta je ta tona masa asiri a gaban mutane. Matar ba ta sake taka ofishinmu ba, kuma da na haɗu da ita a wajen wani suna shekaru bayan haka, kawar da kai ta yi. Ba na ganin laifinta.

Abin da na gane daga baya shi ne, zaman sulhu yana buƙatar mutum biyu da kowannensu zai iya cewa a'a ba tare da tsoro ba. Wadda za ta hau bayan babur ta koma ɗakin wanda take tsoro ba za ta faɗi gaskiya a gabansa ba, idan kuma ta faɗa, ita za ta biya da jikinta, ke kina gidanki kina barci. Takardar gayyatar ita kanta saƙo ce gare shi cewa matarsa ta yi magana, alhali a nan ma ba ta yi ba tukuna.

Malam_na_Kwarbai:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, domin ba kowa ne yake iya faɗin kuskurensa a bainar jama'a ba. Ina so in gyara wata fahimta da ta yi mana yawa, wadda nake jin ita ce ta sa Baban Khalifa ya faɗi abin da ya faɗa. Ayar da ta yi maganar gyara tsakanin ma'aurata, aya ta 35 a Suratun Nisa'i, cewa ta yi a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Hikimar da ke ciki ita ce kowane ɓangare ya samu wanda zai keɓe da shi ya faɗa masa abin da ke ransa ba tare da fargaba ba. Ba a ce a gurfanar da mace gaban mijinta a ce ta yi bayani ba. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya mace tana da haƙƙin neman alƙali ya raba auren idan cutarwa ta tabbata, kuma Mukhtasar na Shehu Khalil ya bayyana cewa ba sharaɗi ba ne sai shaidu sun tabbatar cutarwar ta maimaitu. Wannan ya bambanta da hul'i, inda ita ce take mayar da sadaki, kuma mata da yawa ana tura su hul'i alhali su aka cuta. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Wanda ya ce wa mai shatin yatsu a wuya "ki yi haƙuri, aure ibada ne" sannan ya yi shiru a kan wanda ya shaƙe ta, rabin addinin ya faɗa.

Baban_Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara ta fuskar ayar. Amma har yanzu ina tambaya, ta yaya aka tabbatar mijin ne? Ita da bakinta ta ce igiya ce.

Barista_Kongo:
Baban Khalifa, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce ma ta ƙara nuna cewa gayyatar mijin gaggawa ce, tunda ba a san komai ba tukuna. Bari in ƙara abin da doka ta tanada, domin ma'aikata da yawa ba su san makamin da ke hannunsu ba. Dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, an sa mata hannu a matakin tarayya a 2015, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. A dokar tarayya, dukan abokin aure laifi ne mai hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara uku, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Abin da ya fi hukuncin amfani ga ma'aikaci irin Ummu Sadiq shi ne umarnin kariya, wato kotu ta hana mai cutarwar kusantar wadda yake cuta ko yi mata barazana. Har yanzu za ka ji wasu suna fakewa da sashe na 55 na tsohon kundin Penal Code na Arewa, wanda ya yi maganar miji ya ladabtar da matarsa, amma ko shi bai halatta raunata mutum rauni mai tsanani ba. Ga wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa. Sai dai ina jan kunne: kada a kai ƙara caji ofis da sunan babbar mace mai hankalinta ba tare da yardarta ba, sai fa idan rai ne yake cikin haɗari a wannan lokacin. Na sha ganin an kama miji da safe, dangi sun yi belinsa da yamma, ita kuma tana gidan ba a shirya mata komai ba.

Ɗan_Samaru:
Duk na ji bayanan malamai da lauyoyi, amma a gaya mini gaskiya, idan ta ce tana son barin gidan, ina za ta? Mu nan matsugunin mace gidan ubanta ne. Za ta yi yaji ta kwana uku, miji ya turo abokinsa biko da ɗan turmin atamfa, uban da ke fama da bakuna goma ya ce ta tashi ta koma ɗakinta. Ina tsoron mu koya wa ma'aikata tsarin ƙasashen da suke da gidajen fakewa a kowane gari, mu buɗe wa mace ido sannan mu bar ta a tsakiyar hanya.

Tsohuwar_Jami'a:
Ɗana na Samaru, ba ka faɗi ƙarya ba, kuma shi ya sa ban taɓa ce wa mace "ki fita" ba tun bayan abin da na ba ku labari. Lokacin da mace take shirin tafiya, da watannin farko bayan ta tafi, suna cikin lokutan da aka fi kashe mata, domin a nan ne mai cutarwar yake ganin abin da yake riƙe da shi zai kuɓuce. Aikinmu shi ne mu rage mata haɗari a inda take, ko ta zauna ko ta tafi. Ni nakan zauna da ita mu bi gidan da baki ɗaki ɗaki. Idan ta ga rigima ta taso, kada ta bari a ritsa ta a madafi inda akwai wuƙa da taɓarya da tafasasshen ruwa, ta matsa tsakar gida ko kusa da zaure. Wace maƙwabciya ta yarda da ita? Su yi wata alama tsakaninsu, misali ta aiki yaro ya ce a ba ta aron rariya, maƙwabciyar ta san ma'anarsa ta kira wanda zai zo ya buga sallama. Katin asibiti, takardun haihuwar yara da ɗan kuɗin mota ta ajiye su wurin uwar adashi ko wata 'yar'uwa, ba a ƙarƙashin katifa ba. Ta haddace lambar waya ɗaya, saboda waya ita ake fara ƙwacewa. Sannan in tambaye ta, a cikin danginta wa ake jin maganarsa kuma yake jin tata? Sau da yawa ba uban ba ne, wata gwaggo ce ko kawu, kuma idan wannan ya tsaya mata, biko ba ya zama na atamfa kawai, sai an kafa sharuɗɗa.

Malamar_Islamiyya:
Ina goyon bayan Hajiya, kuma ina ƙara da cewa a kula da waya ƙwarai. Mata da yawa da nake koyarwa wayarsu a hannun maigida take kwana, wasu ma waya ɗaya suke amfani da ita. Saƙon WhatsApp na "yaya jikin naki, ya sake dukanki?" zai iya jawo abin da ake gudu. Haka ma takardar wayar da kai mai hoton mace tana kuka, kada a cusa mata a jaka. A tambaye ta ita, ta wace hanya za a neme ta, da wane lokaci, kuma me za a ce idan wani ne ya ɗauka.

Sista_Shika:
Tunda an zo kan yadda ake tambaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga ma'aikata a 2013 da 2014, kuma abin da ta sa a gaba shi ne a saurara ba tare da yanke hukunci ba, a tambayi bukatarta, a nuna mata an yarda da ita kuma ba laifinta ba ne, a tattauna tsaronta, sannan a haɗa ta da inda za ta samu taimako. Ta kuma ce kada a yi tambayar a gaban kowa, har yaron da ya fara wayo, domin yaro zai je gida ya maimaita. Ni ba na cewa "mijinki yana dukanki?" Nakan ce, "Irin wannan ciwon na sha ganinsa a jikin matan da wani ya riƙe musu wuya, akwai wanda kike tsoro a gida?" Idan ta buɗe baki, akwai tambayoyin auna haɗari da wata farfesar aikin jinya a Amurka, Jacquelyn Campbell, ta tsara: ko dukan yana ƙaruwa, ko ya taɓa cewa zai kashe ta, ko yana da makami, ko ya dake ta tana da ciki, ko yana shaye-shaye, ko akwai agola a gidan, sai kuma ko ita a ranta tana jin zai iya kashe ta. Wannan ta ƙarshen ba na wasa da amsarta. Ga wadda aka haɗa mata da cin zarafi ta hanyar kwanciya, akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'a 72.

Abu_Hanifa_Sabongari:
Ina so a lura cewa ba kullum miji ne mai hannu ba. Na taɓa bin wata matsala watanni muna zargin maigida, ashe uwar mijin ce da 'yarta suke haɗuwa su daki amaryar idan ya tafi kasuwa, shi kuma ya sani amma ya kasa ɗaga ido ya kalli mahaifiyarsa. Akwai kuma tsakanin kishiyoyi, akwai ma mazan da matansu ke watsa musu ruwan zafi su kasa faɗa saboda kunya. A wannan labarin ma, wa ya tabbatar ƙanin mijin ɗan rakiya ne kawai?

Barista_Kongo:
Gaskiya ne, Malam Abu Hanifa, kuma dokar ba ta ware jinsi ba, namiji ma tana kare shi. Sai dai yawan abin ya fi karkata ga mata: binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka, ko cin zarafin kwanciya, ko na muzantawa daga mazansu, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Wani abu kuma da ba a taɓo ba shi ne yaron. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara ta 2018, saboda haka, Ummu Sadiq, kada ki yi mata alkawarin cewa duk abin da ta faɗa ba mai ji. Ki gaya mata tun farko cewa za ki riƙe sirrinta, amma idan ran yaro ko nata yana cikin haɗari dole ki nemi taimako, kuma za ki sanar da ita kafin ki yi.

Malamar_Islamiyya:
Barista, a nan ina da ja. Idan aka fara da wannan gargaɗin, uwa za ta ji kamar ana shirin ƙwace mata ɗa, kuma barazanar da mazan suke yi musu ke nan kullum, cewa idan ta fita ba za ta sake ganin 'ya'yanta ba. Tana jin haka za ta rufe baki.

Barista_Kongo:
Na fahimce ki, Malama, amma idan aka ɓoye mata sannan daga baya ta ga an kai maganar gaba, ta daina yarda da kowane ma'aikaci har abada. Ina ganin gyaran yana cikin lafazi, a nuna mata cewa kare ta shi ne kare yaron, ba a ɗora mata laifin kasa kare shi ba.

Baban_Khalifa:
To shi mijin fa, har abada ba mai yi masa magana? Idan kowa ya kewaye shi, wa zai sa ya daina?

Tsohuwar_Jami'a:
Za a yi masa magana, Baban Khalifa, amma daban, da saninta, a lokacin da ta ce ba zai jawo mata wani abu ba, kuma ta bakin wanda yake jin nauyinsa, ko liman ko mai unguwa ko wani babba a danginsa, wanda ba zai ce masa "matarka ta ce" ba. Ba kuma yarinya irin Ummu Sadiq ce za ta je gidan ita kaɗai ba. Duk mai zuwa irin wannan gida su je su biyu, ofis ya san inda suke da lokacin da za su dawo, kuma su zauna inda ƙofa take a bayansu a buɗe.

Ummu_Sadiq_TW:
Na gode ƙwarai, iyayena. Na nuna wa shugabana bayanin Sista da labarin Hajiya, ya yarda a dakatar da takardar, ko da yake cewa ya yi na ɗan lokaci ne. Matar ta zo, na ce za a auna ta a ciki, muka samu kamar minti biyar mu biyu. Na yi mata tambayar yadda Sista ta koya mini. Ta daɗe tana gyara goyon da bai kwance ba, sannan ta ce, "Anti, ki bar ni tukuna, amma kada ki bari a kira shi." Ta yarda malamar lafiyarmu ta duba wuyan, an kuma rubuta mata takardar ganin likita da sunan ciwon maƙogwaro. Ba ta faɗi wanda ya yi ba, ni ma ban matsa ba. Yanzu damuwata fayil ne, domin a kan tebur ɗaya ake tara su, kuma na lura ƙanin mijin yana hira da mai ɗauko mana katuna.

Sista_Shika:
Kada ki rubuta komai game da wannan a katin yaron da take tafiya da shi gida. Ki buɗe takarda daban mai lamba maimakon suna, ki rubuta ranar, da abin da idonki ya gani, wurin shatin da girmansa da launinsa, da kalmominta yadda ta furta su, ba fassararki ba, ki kulle a inda ke da shugabanki kaɗai kuke da mabuɗi. Idan wata rana ta nemi kotu, wannan takardar za ta yi mata amfani.

Ɗan_Samaru:
Ni dai har yanzu ina jiran wanda zai gaya mini inda za ta kwana idan ta buga wa Ummu Sadiq waya ƙarfe ɗayan dare ta ce ta fito da goyo. Hajiya, a zamaninku ina kuke kai su?

Tsohuwar_Jami'a:
Sau biyu a ɗakina suka kwana, ɗana, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi haka, domin na biyun mijin ya gano gidan ya zo ya tsaya a ƙofa har asuba. Ummu Sadiq, a zuwanta na gaba ki tambaye ta gwaggon nan ko kawun da na ce, ki ji ko akwai, kuma a wane gari suke.